Lamba Goma Sha Bakwai

Bana gwiwar Gandolfo ta ce ta gama da hawan dutse.
Ya miƙo mini littafin ƙirga, bangonsa duk maiƙo,
ya ce, "Rosalba, je ki gaishe su.
Kada ki ƙirga daga nesa. Ki taɓa kowace."

Na bar Polizzi tun ƙararrawar coci ba ta farka ba,
na bi turbar alfadarai har inda ƙasa ta ƙare,
sai tsakuwa mai sulɓi ƙarƙashin takalmi,
sai iskar Madonie mai yanka kunne.

Talatin ne.
Manyansu, a duk faɗin duniya, talatin ne.
Bikin auren ƙanwata ya fi su taro.
Kowace da lambarta a rubuce,
kamar gadajen asibiti.

Ga ta goma sha bakwai, ta jingina da gangare.
Ganyenta allurai ne gajeru masu taurin kai,
juya guda ka ga zane biyu farare,
kamar dusar ƙanƙarar bara ta bar sa hannu.
Kowane reshe ya fid da biyu, dama da hagu,
gicciye bisa gicciye bisa gicciye,
shi ya sa kakata ba ta wuce ta ba tare da sunkuyar da kai ba.

'Ya'yanta ba sa reto ƙasa.
Tsaye suke can ƙoli kamar kyandirori,
ƙaro na tsiyaya a jikinsu.
Ba sa faɗowa ɗungurungum.
In sanyi ya matso sai su warware, ɓawo ɓawo,
iri ya tashi da fiffikensa ɗaya,
a bar tsinke tsirara a kan reshe yana kallon sama.

Na tsinci goma, na fasa da farce.
Takwas fanko.
Sun yi wa juna nisa, in ji Gandolfo,
ƙurar furen wannan kan gaji kafin ta isa waccan.

Kakanninmu ne suka raba su.
Gatari ya yi gungume, gungume ya yi rufin ɗaki,
mun yi barci shekaru ƙarƙashin danginta ba mu sani ba.
Abin da gatari ya raina, awaki suka ƙarasa.
Har an taɓa cewa irinta ya ƙare.
Labarin bai hau dutse ba, ita ba ta ji ba.

A bayan shinge na tarar da ɓarna:
aladen daji ya kutsa, waya ta wage.
Na durƙusa, gabana na faɗuwa.
Tana nan.
'Yar tsiro, tsakanin duwatsu biyu, kore shar.
Na buɗe littafi, can baya, rubutun tsoho mai karkata:
"Tsawon ɗan yatsa."
Shekara tara ke nan.
Yau da ƙyar ta wuce idon sawuna.
Gaggawa ba ta cikin jininsu.

Ba ni da waya, ba ni da filaya.
Na zare igiyar takalmina, duka biyun,
na ɗinke shingen kamar bakin buhu.

Na sauko ina jan ƙafa, tsakuwa cike da safa.
Gandolfo na bakin ƙofa, bargo a cinya.
"Nawa?"
Na ce, "Talatin."
Ya dubi takalmina, ya daɗe yana duba.
Sai ya ce, "Ashe kin gan ta.
Kada ki ba ta lamba tukuna."