Shiga Ba Sallama

A bakin Kasuwar Dole nake da tebur,
laima ɗaya, kujera mai ƙafa uku da dutse.
Ina feɗe cikin salula kamar mahauci,
warin dalma ya zame mini turare.

Yau ma wata ta zo, ta rage murya:
"Barma, yi mini dabarar nan,
in ga abin da ta ɗora, kada sunana ya fito."
Dala ɗari ne. Na karɓa.
Na koya mata shiga gidan mutane
ba tare da ƙafa ta taɓa ƙasa ba.
Ban gaya mata na fi ta ciwon ba.

Shekara biyu ba ma ga maciji da Kiyari.
Kuɗin batir arba'in suka raba mu,
ya ce na ci, na ce ya mance lissafi,
ya naɗe tabarmarsa sai Agadas,
ya toshe lambata kamar ramin ɓera.

Sai na zama mai ido da yawa.
Tsohuwar wayar ƙanwata Falmata,
kwamfutar mai buga takardu a Zango,
da wayoyin da ake bari su kwana wurina,
duk wadda ke da lambarsa taga ce.

Na san ya yi ƙiba. Na san motonsa ja ne.
Na ga ragon sunan ɗansa, na ƙirga baƙi,
na gane hular da na ba shi aro
a kan wani mutum da ban sani ba.

Ina ce wa raina: ai shi ya baza a faifai.
Raina ya ce: ya baza wa waɗanda ya zaɓa.
Kakata a Birni ba ta san waya ba,
amma ta san katanga.
Takan ce sallama uku ce,
in ba a amsa ba, ka juya da takalmanka.
Ni na yi sallama nawa?

Daren Laraba aka ɗauke wuta.
Na hau dutsen bayan gidanmu neman iska,
Damagaram duk ta yi baƙi, sai fitilun masu shayi.
A aljihuna wayar wani direba,
na sake mata gilashi, bai zo ɗauka ba.
Na buɗe.

Hannu ne a kan farin zane,
da robar ƙarin ruwa, da tabon nan na wuyan hannu
da ƙarfen dalmata ya yi masa muna yara.
A ƙasa: a sa mu a addu'a.

Kowa ya gani, sunansa ya hau layi,
kamar masu zuwa dubiya sun bar takalma a ƙofa.
Nawa takalman babu.
Na rubuta sannu, na goge.
Da bakin wa zan faɗa? Bakin direba?
Ɓarawo ba ya cewa mai gida, rufinka na yoyo.

Hoton zai share kansa kafin jibi.
Na zauna har aka kira assalatu
ina jiran wanda ke idona ya share.

Da hantsi direban ya zo.
Na ƙi karɓar kuɗin gyara.
Na ƙulla jikka arba'in a leda baƙa,
na ce, in ka isa, ka bi ta asibiti,
ka ce daga Barma, na bakin Dole.

Ya juya wayarsa a tafi, ya dube ta, ya dube ni.
Ya ce, "Wa ya gaya maka yana kwance?"

Ƙarfen dalma na ta hayaƙi a gabana.
Na kasa ɗauka, na kasa kashewa.