Naman Kaza na Dajin Lame

Kwana uku bayan ruwan shuka
Iya Tasallah ta ɗauki kwando,
ta bi ta bayan Gumau, ta tsallake rafi,
ina biye da ita, raɓa har gwiwa.

Gindin suri take fara dubawa,
sai ƙarƙashin doka, inda ganye ya ruɓe.
"Wannan laimar kwaɗi ce, ɗauke hannunki.
Wancan mai zobe a wuya
shi ya kwantar da gidan Baushe kwana bakwai.
Ga namu nan, fari, mai ƙanshin ƙasa."
Shekara hamsin ba ta taɓa kuskure ba.
Ɗan daddawa, ɗan barkono,
maƙwabta su rantse mun yanka zakara.

Sai zinariya ta leƙo a kwari.
Yayana Jatau ya jingine garma,
ya dawo da zaiba a kwalbar magani,
ita ba ruwa ba, ita ba ƙarfe ba,
ka zuba ta a tafi ta watse,
ka karkata hannu ta sake haɗuwa.
Ya dama ta da laka, ya matse a ƙyalle,
ya ɗora a cokali, ya hura gawayi.
Abin da ya rage, aka auna aka biya.
Abin da ya tashi,
babu wanda ya tambayi ina za shi.

Ashe hayaki ma gida yake nema.
Ganyen doka ya ba shi masauki,
rani ya kakkaɓo ganyen,
damina ta jiƙa shi ya zama ƙasa,
naman kaza kuwa ba ya tsame baki,
duk abin da ƙasa ta miƙa masa, sha yake.

Bara wata yarinya ta zo daga Bauchi
da safar hannu da ƙananan ledoji.
Ta ɗebi ƙasa, ta roƙi kaɗan daga kwandon Iya,
har da gashin kanta, tsinke uku.
Iya ta yi dariya: "Ko asiri za ki min?"
Da kaka ta dawo da takarda,
ta daɗe tana gyara mayafi kafin ta yi magana.

Yanzu ni ke zura wa Iya zare.
Kokon kunu yana kaɗawa a hannunta,
rabi a baki, rabi a zane.
Ta ce, "Mai kisa na san shi da fuska.
Wannan kuwa fari ne kamar na da,
ƙanshinsa bai sake ba.
Ta ina zan gane?"

Jiya an yi ruwa da dare,
yana kiɗa a kan sabon kwanon ɗaki,
kwanon da Jatau ya saya mata.
Da asuba na iske ta a ƙofar gida
ta juya fuska wajen daji tana shaƙa.
Kwandon yana rataye a bayanta,
kaza ta yi ƙwai a ciki.