Kashi Ɗaya Cikin Ɗari

Ni ke riƙe agogo a zauren majalisar Okland.
Minti biyu kowa, in danna ƙararrawa.
Daren Talata ne, ruwa bai tsagaita ba,
lemomi jiƙaƙƙu jingine a bakin ƙofa.

Doka ta ce: wanda duk zai tayar da bene,
kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin ginin
ya tafi ga zane, ko sassaƙa, ko wani abin kallo.
Tambayar daren: gidajen masu ƙaramin ƙarfi,
su ma su biya, ko a ɗauke musu?

Mista Kessenich ya miƙe, taswira naɗe a hammata:
"Gida saba'in da huɗu nake son ginawa.
Kuɗin adon nan gida biyu ne cif.
Ku zaɓa: kifin ƙarfe a tsakar fili,
ko iyali biyu su bar kwana a mota."
Ya zauna da saura daƙiƙa arba'in.

Sai Lavonne Pettibone, tsohuwar direbar bas,
ta rataye sandarta a wuyan lasifika.
"Shekara talatin da ɗaya na yi a gidan gwamnati.
Bango ruwan toka, ƙofa ruwan toka.
Jikana ya ɓata yana ɗan shekara biyar,
yana kuka yana ƙwanƙwasa,
don ƙofa arba'in, duk fuskarsu ɗaya.
Da 'da babu gara ba daɗi' aka yaye mu.
Wa ya ce muku talaka ciki ne zalla?
Yana da ido.
Masu kan tudu har wurin ajiye mota an ƙawata musu,
mu a miƙo mana akwati, mu ce mun gode."
Lokacinta ya cika.
Na kau da kai, na ƙara mata numfashi uku.

Efraín Calmo, mai kwaɓa siminti,
ya yi magana ta bakin tafinta, hula a ƙirji:
"Mu shida ne a ɗaki ɗaya.
'Yata a banɗaki take aikin makaranta,
can kaɗai ke da ƙofar rufewa.
Ban ƙi kyau ba. Matata masaƙiya ce,
na san abin da ja ke yi wa zuciya.
Amma hoto, sai da bango ake rataya shi."

Ta ƙarshe Nguyet Lam, mai walda,
bayan hannunta duk tabon tartsatsi.
"Kifin nan ni aka ba wa aikinsa.
Wata tara, albashin mutum uku."
Ta zaro wata takarda da ta sha ninki.
"Ga kuma lambata a layin jiran gida:
dubu ɗaya da ɗari biyu da shida.
In kun soke kifin, ƙila in sami ɗaki, ba kuɗin haya.
In kun bar shi, ga haya, ba ɗaki."
Aka yi dariya,
irin wadda ba ta wuce haƙori.

Manya suka haɗa kai, suka rufe lasifika da tafi.
An kafa kwamiti.
An ɗage zama sai wata mai kamawa.
Ni da ke riƙe agogo na sani:
jira ma haya yake karɓa,
kafin kaka zai haɗiye kifin nan har ƙaya.

Na fito goma da rabi.
A tashar bas na tarar da Lavonne da Efraín
cikin lema ɗaya, ba mai jin harshen wani,
suna kallon katangar katako ta filin da ake gardama a kai.
Wani, ban san ko wa ba, ba kuma wanda ya biya shi,
ya zana ƙofofi a jikinta:
shuɗiya, ja, ruwan ƙwai, wata da kyanwa a dokinta.
Lavonne ta nuna koriya da sanda.
Efraín ya girgiza kai, ya nuna ja.

Na ƙirga su kafin bas ta iso.
Goma sha ɗaya.
A bayansu ciyawa ce, da tanti biyu,
da wani yana tari.