Mi Ka Ci Can?

Kwana tara na yi a tsibirin,
na dawo da jaka mai warin gishiri.
Ban ko kwance takalmi ba
Gwaggo Ige ta ɗago kai daga tandar masa
a bakin hanyar Runjin Sambo:
"Arzika, bar zancen jirgi. Mi ka ci can?"

Gwaggo, can ruwa ne ya yi wa gari ganuwa.
Gulbin Rima da muke wa kirari da damina,
in ya je can, ruwan alwala ne a buta.
Fatun jar akuya na kai baje-koli,
suka shafa, suka sunsuna, suka taya da yatsu,
ni kuwa hankalina na kan titi
inda magariba ke kunna murhu ɗari lokaci guda.

Na ci shinkafa dafaffiya da madarar kwakwa,
an naɗe ta a ganyen ayaba kamar laya.
Na ci taliya daga kasko mai faɗin faifai,
harshen wuta na lasar gefensa,
bayan wani mai hula ya nuna mini da haɓa
rumfar da ba shakka a cikinta.
Na sha wake a cikin ƙanƙara, da sukari.

Ta ajiye cokali.
"Wake? Da sukari? Sun wulaƙanta wake."

Akwai ɗan itace mai ƙaya kamar bushiya,
warinsa majemarmu ce ranar jiƙa fata.
Na toshe hanci, na kai baki,
sai ga kindirmo da zuma.
Har yau ban yanke masa hukunci ba.

Gidajensu tsofaffi ne, Gwaggo,
tagogin katako, fenti na ɓarewa kamar saɓar maciji,
amma ba mai ɗaga musu diga.
Masallaci nan, ɗakin ibadar wasu can,
hayaƙin turare na gaisawa a tsakiya.
Baƙi na biyan kuɗi su ɗauki hoton ƙofa.
Ƙofa kawai!
A nan na tuna zauren kakanmu Jabbi
da muka rushe bara
muka dasa shagon cajin waya.
Na tsaya cikin yayyafi mai ɗumi,
ruwan ya rufa mini asiri.

Ba ta ce komai ba.
Ta zuba ƙullu, mai ya yi tsuwa.

Na miƙa mata tsarabar ƙunshin yaji.
Ta buɗe, ta sunsuna, ta yi dariya:
"Kanunfari na, da citta.
Don wanga ka ƙetare teku?"

Ban faɗa mata sauran ba:
a daren ƙarshe, kusa da tashar kwale-kwale,
na ga wata tsohuwa na juya waina a tanda mai rami-rami,
da tabon ƙuna a daidai wuyan hannu,
ta ƙara mini ɗaya a kan kuɗina
ba tare da ta dubi fuskata ba.
Ba mu da kalma guda ta tarayya,
amma na san wannan gyarar.

Gwaggo ta tsame huɗu ta sa a takarda,
ta ɗan yi jim,
ta ƙara ta biyar.
"Ci. Ka rame."