Kogin da ke Cikin Baba

Yana ɗan shekara tara, in ji Baba Arzika,
ya ga ja a fitsarinsa a bakin Kwara.
Manya suka yi shewa, wai yaro ya zama namiji.
Ba wanda ya ambaci tsargiya,
ba wanda ya tuhumi katantanwar da ke lafe a ciyawa.

Shekara hamsin yana jefa birgi a Yawuri.
Ya san makwancin giwan ruwa,
ya san ramin da tarwaɗa ke buya da rani.
Sai jinin ya dawo babu sallama,
da gudaji kamar hantar kaza.

Ya sha saiwa, ya sha sassaƙe,
wata bakwai yana ɓoye wandonsa a bayan rumbu.
Ni na gani ranar wanki.

A Birnin Kebbi, Likita Asabe ba ta ɗauki wuƙa ba.
Siririn bututu ta zura, mai fitila a baki,
sai ga cikin mafitsara a allo,
wani tsiro yana rausaya a ruwa.
Baba ya ɗaga kai ya duba:
"Wagga ciyawa na san ta,
ita ka yaga muna taru."

Ta ce daji ne.
Ta ce da sauran sa'a, saiwarsa ba ta kai tsoka ba.
Da ta kai, sai a cire jakar ɗungurungum,
a yanko hanji a yi wa fitsari sabuwar hanya.
Na riƙe ƙarfen gado har tafina ya yi shaida.

Ta ƙanƙare shi ta ciki da zaren wuta.
Kwana uku roba na zubar da ruwan zoɓo,
ran na huɗu ya koma ruwan tsamiya.

Sai Talata shida a jere
ana ɗura masa magani ta hanyar da ciwon ya bi,
a ce ya riƙe, ya kwanta dama, ya juya hagu.
Yana dariya yana cije leɓe:
"Ɗiyata, yau ni ag ga banda,
kifi ya rama."

Kwalekwalen ya tafi a kuɗin mota da na gwaji.
Filafilin kawai ya hana a sayar.

Duk wata uku za mu koma a leƙa da fitila,
don ciyawar ruwa ba ta da alkawari.

Yanzu da asuba yana da farin kwano.
Yakan fito da shi haske, ya karkata, ya daɗe yana kallo
kamar mai duban wata.
Jiya na ji shi a bakin gaɓa
ya kamo hannun jikansa Tunau, jiƙe sharkaf:
"In ka ga ja, kak ka yi murna.
Taho ka gaya min."