Kifin Da Ba A Ci

Mota ta mace mana a Kwangila,
bakanike ya ce sai bayan la'asar.
Mai rake ya nuna wani lungu da wuƙarsa:
"Ku leƙa gidan Malam Tanimu mai tsuntsaye."

Ɗawisu ya ƙi buɗe mana wutsiya.
Aku ya tarbe mu da irin tarin maigidan.
A zaure, cikin akwatin gilashi,
kifaye jajaye kamar an tsoma su a manja.

Inna Sahura ta riƙe haɓa:
"A ciyar da kifi, ba don miya ba?"
Ummita ta manna hanci a gilashin,
ɗaya ya zo ya tsaya saitin idonta.

Har muka wuce Jaji
tana buɗe baki, tana rufewa,
ba ta ce komai ba.