Garmaho a Osaka

A wani lungun Osaka, hawa na biyu,
tsoho Kuwabara ya jera garmaho uku.
Fumie ta shafa mai ƙyallin, ta janye hannu.

"Kada ƙyalli ya ruɗe ki," in ji shi.
"Allura ce mai magana, sauran 'yan rakiya ne."
Ya auna nauyinta, giram biyu cif,
ya ƙara burushi da bel na ajiya.

Ta zaro faifan marigayi daga jaka,
shekara tara rabonsa da juyi.
Ƙas. Ƙas. Sai sarewa.

"Ya karce. In nemo miki sabo?"
"Bar shi. Ni na karce shi,
daren da muka yi faɗa kan kuɗin haya."